Guɗar Gwaggo a Kwatano

Tunda na dawo kunnena bai huta ba. In na fito sayen kati, tambaya. In na je ɗiban ruwa, tambaya. Zulai ta kira ni har wayata ta yi zafi, Bisola kuma ta aiko da saƙon murya mai tsawo kamar wa'azi. Kin ci gasar? Sun ba ki kofi? Da gaske an tsare ku a boda? To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wadda ta sake tambayata zan tura mata wannan, in ba ta iya karatu ba ta nemi mai karanta mata. Amsar farko dai ita ce ban ci ba. Masu jiran wannan labarin su yi dariyarsu su gama, sannan mu ci gaba.

Ga waɗanda ba su san mafari ba: ina kaɗa jita, ta lantarki. Tun muna sakandare na koya a wurin yayan Bisola, daga baya na ci gaba da kallon bidiyo a waya. Irin kiɗan da nake yi shi ake kira hebi metal, mai rugugi da ƙara, wanda in an sake shi kwanukan Umma kan yi rawa a kan kanta. Ni kuma abin da ya kama ni a ciki shi ne masu ɗauko tsofaffin kiɗe-kiɗen Turawa, waɗanda aka rubuta wa goge tun kafin a san lantarki, su zuba su a jita. Akwai guda ɗaya da na fi shekara ina fama da shi, har fatar yatsuna ta koma kamar ta mai sassaƙa. Kashi uku ne: na farko gudu, na tsakiya a hankali kamar mai makoki, na ƙarshe gudun da ya fi na farko. Tsakanin kowane kashi akwai ɗan shiru. Ku riƙe maganar shirun nan, za mu dawo kanta.

Kullum da abin kunne nake yi, ba mai ji. Sai wata rana da aka kawo wuta na ce bari na ji shi a sifika sau ɗaya a rayuwata. Ban kai rabi ba Malam Sani na bayan gidanmu ya iso zaure da carbinsa, ya ce wa Baba an buɗe gidan bori a layinmu. Baba mutum ne mai gudun magana. Ya wuni yana ciniki da Yarbawa a kan albasa a kasuwar Bodija ta nan Ibadan, ba ya son ya dawo ya tarar da wani cinikin a ƙofar gida. Ya ce jita ta bar masa gida.

A makon ne kuma wata makarantar kiɗa a Kwatano ta gayyace ni gasa, saboda wani bidiyo da na sa wanda hannuna kawai ake gani. Na ce wa Baba ba zan sayar da jita ba, kuma zan je. Sai ya yi abin da ya saba yi in magana ta fi ƙarfinsa: ya aika a kira yayarsa.

Ba sai na gaya wa 'yan unguwarmu Sabo ko wace ce Gwaggo Ladi ba. Atamfa take sarowa daga Kwatano tun ban zo duniya ba, amma ba da atamfa aka san ta ba, da guɗa ne. In ta kama hanci ta sake ta a gidan biki, mai okada a shataletalen Mokola sai ya waiwaya. Kuma ba a sa ta. An taɓa aurar da 'yar wani babban ɗan canji, aka zaunar da ita a gaba, aka yi ta kallon bakinta, ta ci shinkafarta ta tashi. Da aka yi mata ƙorafi ta ce, "Guɗata ba ta ƙarya. In abu bai kai ba, ba ta fitowa."

Baba ya ce, "Yaya, tunda kina da tafiya, ki tafi da Ummi. Ki gani da idonki. In kin ce abin nan iskanci ne, kada ya sake shigo min gida. In kin ce a bar mata, na bar mata."

Ummi suke ce min su biyun, don sunan mahaifiyarsu na ci.

Gwaggo ta dubi jakar jita a jingine, ta taɓe baki. "Wannan garayar lantarkin? Ai ba sai na je Kwatano ba. Amma mu je, kada a ce ban yi adalci ba."

Haka na kama hanya da alƙalina a gefe.

Duk ɗan Sabo in zai yi tafiya tashar Ojoo yake nufa, ya fuskanci arewa. Mu muka ba Ojoo baya, muka shiga keke zuwa tashar Legas da sassafe. Rigimar farko a nan aka yi ta. Kwandasta ya ce jita sai bayan mota, a kan buhunan garin rogo. Na ce masa da Yarbanci in ya taɓa ta zai san iyayena ba su haifi kurma ba. Ya ce, "Aa, omo Hausa, bakinki ya fi na 'yan unguwar Beere." Na rungume ta a cinya, wuyanta na zungurar hular wani dattijo duk lokacin da muka faɗa rami. Wata mata ta tambayi Gwaggo mene ne a jakar. Gwaggo ta ce, "Kayan ɗinki ne." Ta faɗa ko ido ba ta ƙifta ba, ta ɓare goro.

Legas ba abin da zan ce muku a kanta, kun san ta. Mun sauya mota a Mile 2, muka bi hanyar Badagry, inda ake tsayar da mota ana leƙowa har ka daina ɗaga kai. Duk jami'in da ya leƙo, Gwaggo ce ke gaishe shi da sunan garinsu. Ta san na Kogi, ta san na Zuru, ta san wanda matarsa ta haihu. A ranar na gane cewa matar nan da nake gani a kan tabarma tana yanka alayyafo, a hanyar nan sarauniya ce.

Yanzu maganar boda, tunda an ce an kama mu. Ba a kama mu ba. An dai buɗe jakata, kuma jami'in da ya buɗe baƙo ne, bai san Gwaggo ba. A cikin jakar akwai fedal da na aro a wurin yayan Bisola, wani ɗan akwatin ƙarfe da nake takawa da ƙafa ya mayar da sautin jita rugugi. Yana da maɓallai, yana da batir, wayoyi sun fito masa ta gefe biyu. Mutumin ya dubi akwatin, ya dubi hijabina, ya sake duban akwatin, ya ja da baya. Na san kallon nan. Duk wadda ta taɓa shiga babban kanti a Ibadan da dogon hijabi ta san shi.

Ya ce da Turancin Buroka, mene ne wannan? Na ce na kiɗa ne. Ya ce wane irin kiɗa ake yi da batir da waya? Ya juya wurin Gwaggo, "Mama, kin san abin nan?"

Gwaggo ta ce, "Ɗana, ni kaina ban yarda da shi ba."

Wallahi ji na yi kamar in kwanta a ƙasa. Mutane suka fara matsawa. Wata mai tallan lemo ta sauke farantinta ta koma bayan wata mota. Na ce, "Oga, ka ba ni wuri." Na zaro jita, na haɗa ta da 'yar sifikata mai batir, na taka fedal, na sauke hannu sau ɗaya. Wata akuya da ke ɗaure a jikin babur ta tsinke igiya. Gwaggo ta ce a'uzubillahi da ƙarfi. Mutumin ya tsaya baki buɗe, sai ya fashe da dariya ya kira abokan aikinsa, wai su zo su ga Hajiya mai jita. Suka ce in ƙara. Na ce ni ba 'yar wasan tasha ba ce, a buga min hatimi in wuce. Aka buga.

Muna tsallakawa na ce, "Gwaggo, so kike a rufe ni?"

Ta ce, "Tambayata ya yi. Ƙarya kike so in yi?"

"A mota kin ce kayan ɗinki ne."

"Waccan ba hukuma ba ce."

Ɗaya gefen kamar an sauya tasha a talabijin. Titi sumul. Masu okada, zem suke ce musu, duk da riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya, kuma suna da layinsu daban, ba sa hawa kan ƙafar mutum su zage shi. Fetur a manyan kwalabe a bakin titi kamar zoɓo. Ana ba fasinja hular kwano. Gwaggo ta ce ba za ta ɗora kwanon da kan kowa ya shiga a kan ɗaurinta ba, ita da mai zem suka yi ta yi, ita da Hausa shi da Faransanci, ba mai jin wani. A ƙarshe ta ɗora hular a saman ɗankwali kamar mai tallan fura, ta riƙe da hannu ɗaya har muka isa.

A Zongo muka sauka, gidan Hajiya Mariya, ƙawar Gwaggo ta kasuwa. Zongo Sabo ce aka ɗauke aka ajiye kusa da teku: masu tsire, masu canji, kiran salla daga ko'ina, har warin kwata iri ɗaya. Hausarsu ce kawai ta sha Faransanci. In ka gaishe su sai su ce "lafiya lau, mersi." 'Ya'yan gidan suka yi ta dariya wai ina cewa "abi" da "jare" a ƙarshen magana, wai Hausata ta Yarbawa ce. Na ce taku fa, da kuke ce wa makaranta lakwal? Muka tashi ba wanda ya ci wani.

Abinci kuwa, burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi. Suna tsaga shi su cusa taliya da mayonis a ciki, su ce karin kumallo ne. Akasa dai eko ce, agidin nan na masara, suna kawai aka sauya, amma miyar tumatir da soyayyen kifin da aka haɗa mana da ita, ba zan yi ƙarya ba, na nemi ƙari. Duk da haka kwana biyu kawai na fara mafarkin amala da gbegiri, miyar waken Yarbawa, na matar nan ta gindin gada. Abin da ya fi ba ni mamaki wuta. Na yi ta sauri in cika waya da batir kafin a ɗauke, Hajiya Mariya na kallona. Ta ce, "'Yata, wa ke korar ki?" Har muka baro garin ban ji yara sun yi ihun an kawo wuta ba, don ban ga an ɗauke ba.

Washegari na je gwaji. Gwaggo ta bi ni, ta ce ba a ba ta amana don ta zauna a gida ba. Masu raka ni da ganga da babbar jita 'yan makarantar ne. Mai gangar wani ƙato ne, Kofi, gashinsa har kafaɗa, yana jin Turanci kaɗan. Ya gan ni da jaka ya leƙa bayana. Ya ce ina mai jitar? Na ce ga ni. Ya ce a'a, wanda ke cikin bidiyon. Na ɗaga masa hannuna na hagu ya ga yatsun. Ya je ya zauna a bayan gangunansa.

Sai shugabar wurin, wata Madam mai gilashi a kan hanci. Ta yi murna da ganina fiye da kima, har na fara zargi. Ta sa Kofi ya fassara: wai tunda ga ni haka, me zai hana in bar na Turawan in yi wani abu na gargajiyarmu? Za su samo min ƙwarya da zane, masu hoto za su so abin. Na ce a gaya mata ƙwarya tana gidanmu ana dama fura a ciki. Abin da na aiko a bidiyo shi aka gayyata, shi zan yi. In hijabi ne ya ba ta sha'awa, ana sayarwa a Zongo. Ban san yadda Kofi ya fassara ba, na dai ga ya daɗe yana magana fiye da yadda na yi.

Madam ta ce to, amma akwai doka: a irin wannan kiɗan ba a tafi, ba a ko tari a shirun da ke tsakanin kashi da kashi, sai an kai ƙarshe. Kuma alƙalai na bin takardar kiɗan da ido, ba a ƙari ba a ragi. Na fita na gaya wa Gwaggo, don tana waje a inuwa, ta ƙi shiga.

"Gwaggo, gobe in na tsaya a tsakiya, ban gama ba ne. Ba a tafi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ni zan tafa miki? Allah ya sawwaƙe. Ki ji da kanki."

Ranar gasa bayan la'asar aka fara. Zauren ya rabu biyu kamar gidan da aka yi faɗa. Gaba dattawa ne da kwat da mata masu turare, sun zauna ƙiƙam kamar masu zaman makoki. Baya kuma samari da 'yan mata cikin baƙaƙen riguna, da sarƙoƙi, an hana su tsalle, sai kaɗa kai suke kamar ƙadangaru. A Sabo in makaɗi na wasa aka yi shiru haka, ya tattara kayansa kawai. A can shirun ne girmamawa.

Gwaggo ta samu kujera a layin farko, ita da Hajiya Mariya, da ƙullin atamfofinta a gaban ƙafa. Ina leƙe ta bayan labule na ga ta buɗe jaka, ta ciro auduga, ta murza, ta toshe kunne ɗaya, ta toshe ɗayan. Alƙalin da zai yanke wa jitata hukunci ke nan. Raina ya ɓaci. Na ce to shi ke nan, in yau ce ranar ƙarshe da zan riƙe ta, bari a ji ta har bodar Seme.

Waɗanda suka riga ni sun iya, ba zan rage musu ba. Akwai wani yaro daga Lome da yatsunsa ke gudu kamar ba ƙashi a ciki. Da aka kira sunana na fito, sai na ji 'yar dariya daga baya, wani ya yi fito. Na gyara hijabi na tura shi bayan kafaɗa don kada ya taɓa tsirkiya, na ce bismillah, na taka fedal.

Kashin farko ban ga kowa ba. Kofi na bina kamar ana koro mu. Da na kai ƙarshensa na ɗaga kai a shirun farko: masu fito sun yi tsit, Gwaggo kuwa ta kau da fuska tana kallon bango tana tauna goro.

Sai na tsakiya. A nan ganga ke yin shiru, a bar jita ita kaɗai. Ba gudu a ciki, ba inda za ka ɓuya. Kana jan sauti ɗaya ne ka riƙe shi, ka lanƙwasa tsirkiya da yatsa har ya yi kamar muryar mutum da ke son yin kuka yana dannewa. Wanda ya rubuta shi da goge ya nufa, kuma a nan ne kaɗai jita ke tuna cewa ita da goge dangi ne. Ina cikin ja na saci kallo. Bakin Gwaggo ya daina motsi. Can na ga hannunta ya tashi, ta zare audugar dama. Na kau da kai, don in na ci gaba da kallo zan ɓata. Na kai sautin ƙarshe, na bar shi ya mutu da kansa.

Shiru. Irin shirun da ake jin fanka. Alƙalai sun sunkuya a kan takarda. Kofi ya ɗaga sanduna yana jiran in ba shi kai.

Sai guɗa ta tashi.

Ku da kuka san ta a fili, ku ƙiyasta ta a rufaffen zaure. Ayyururui, doguwa, ba ta yanke ba, ta bugi rufi ta dawo. Wata mai turare ta dafe ƙirji. Gilashin idon wani dattijo ya faɗi. Madam ta miƙe tana kaɗa hannu kamar mai korar kaji. Ga Gwaggo Ladi a tsaye, ta kama hanci, auduga ɗaya na kunnenta na hagu har yanzu.

Na san doka. Abin da ya kamata in yi shi ne in jira ta gama, in shiga kashi na uku kamar ba abin da ya faru, laifin ya zama na tsohuwa baƙauyiya. Amma ni 'yar Sabo ce. A ina aka taɓa yi wa mutum guɗa ya share? Akwai ɗan ƙarfe a jikin jita da in ka kama kana girgizawa sauti ke karkarwa. Na haura can ƙarshen wuya inda sauti ya fi tsini, na kama ƙarfen, na mayar mata da guɗarta. Ta sake yi, na sake mayarwa. Kofi ya yi wani ihu ya faɗo da ganguna, muka afka kashi na uku a guje. Masu baƙaƙen riguna suka manta da doka, suka tashi gaba ɗaya. Rabin zaure na tsalle, rabi na toshe kunne. Ban taɓa kaɗa shi da kyau kamar ranar ba, kuma ban damu da wanda ya yarda ba.

Yaron Lome ne ya ci, kuma ya cancanta. Ni ko a jerin farko ban fito ba. Wani tsoho cikin alƙalan ya same ni ina naɗe waya, ya sa Kofi ya gaya min wai hannuna na da kyau, amma na sa abin da marubucin bai rubuta ba. Na ce a tambaye shi ko marubucin ya rubuta lantarki. Tsohon ya ɗan yi murmushi, ya tafi. Kofi ya ce wannan karon daidai ya fassara.

Gwaggo ta ɗauki ƙullin atamfofinta ta yi gaba. A gida Hajiya Mariya ta fara zolayarta a kan guɗar, Gwaggo ta ce a bar maganar, kanta ke ciwo. Da safe muka shiga kasuwa ta ƙarasa sarinta, muka kamo hanya. Sai da muka wuce Badagry, tana kallon taga, ta ce, "Ummi. Baturen nan da ya yi kiɗan. Mutuwa aka yi masa?"

Na ce, "Ban sani ba, Gwaggo."

Ta ce, "An yi masa." Ta ɓare goro.

Mun iso Sabo ana fitowa sallar la'asar. Baba na tsakar gida, Umma ta kawo ruwa. Na ajiye jita a bakin zaure, ban shigo da ita ba, don sharaɗi sharaɗi ne. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi mutanen Zongo. Sannan Baba ya gyara zama.

"To, Yaya. Me kika gani?"

Gwaggo ta kurɓi ruwa. "Hayaniya ce. Wasu ƙattai da gashi kamar mata suna ta tsalle. Kaina har yanzu bai dawo daidai ba."

Baba ya sauke numfashi, ya juyo wurina da fuskar nan tasa ta ba haƙuri. Umma ta ƙifta min ido wai in yi shiru. Ban yi ba.

Na ce, "Gwaggo, ke kika ce guɗarki ba ta ƙarya. Duk Sabo an san haka. To yau ɗaya ya yi ƙarya, ko bakinki ko guɗarki. Ki gaya wa Baba wanne ne."

Baba ya ce, "Ummi! Yayata kike gaya wa haka?" Sai kuma ya tsaya. Ya juya a hankali. "Yaya, guɗa kika yi?"

"Atishawa ce."

"Sau biyu, Baba," na ce. "A tsaye."

Gwaggo ta ajiye kofi, ta ƙura min ido, na ƙura mata. Na ɗauka mari ne zai biyo baya, kuma na shirya karɓa. Sai ta juya wurin Baba.

"Kai ka sa mata sunan Inna, ai ga shi nan ka samu. Ita ma haka take tsare mutum a gaban jama'a." Ta miƙe tana gyara mayafi. "Ke kuma tashi ki ɗauke garayarki daga zaure, hadari ne ke haɗuwa. Abu mai tsada ki yar a ƙofa kamar ba ki da hankali."

Baba ya ce, "To." Da ma shi ke nan abin da yake cewa in Yaya ta gama magana.

Don haka, Zulai, babu kofi. Bisola, ki gaya wa yayanki fedal ɗinsa ya tsallaka boda ya dawo lafiya. Jita tana rataye a ƙusarta a ɗakina. Na yi wa Baba alkawarin ba sifika lokacin salla, ba sifika in yara na karatun allo, kuma zan cika. Sauran lokutan, in an kawo wuta, kashi uku ne, kuma ba na tsallake ko ɗaya. Wanda abin ya dama a layinmu, ko yana bayan gidanmu ne, ya leƙo zaure ya yi sallama. Audugar Gwaggo ta rage, na ajiye masa.